Fitilar Lambar Mota: Wutar da Ba Don Direba Ake Kunna Ta Ba

Wanda duk ya tsaya bakin kwalta a mafitar Maraɗi bayan sallar isha'i, ko ta hanyar Tibiri ko ta wadda ta nufi Jiratawa da Ɗan Isa, ya riƙa bin bayan motoci da kallo, zai lura da abu guda. Fitilun gaba suna ci, don babu direban da zai iya tafiya sai da su. Jar wutar baya, wato danja, ita ma galibi tana ci, ko da ɗaya ce cikin biyu. Amma inda lamba take, a motoci da dama duhu ne dunɗum. Mota ta wuce, ka ga girmanta, wataƙila ka gane launinta, amma ko ta wane ne, sai Allah. Alhali a saman kowace lambar baya akwai 'yar fitila, ɗaya ko biyu, da aka dasa tun ranar da aka ƙera motar. Ƙwanta bai wuce kan ɗan yatsa ba, kuɗinsa bai kai na litar mai guda ba, sauya shi kuma ba ya cin minti goma. Duk da haka ita ce fitilar da ta fi kowace daɗewa a mace ba a waiwaye ta ba.

Dalilin wannan sakaci a fili yake. Fitilar gaba tana nuna wa direba hanya. Danja da wutar birki suna kare shi daga wanda ke biye da shi. Sigina tana hana a shige masa a mararraba. Kowace daga cikinsu in ta mutu, mai mota ne zai fara ji a jikinsa. Ta lamba kuwa ba ta yi masa aikin komai, ko ganinta ba ya yi daga inda yake zaune. Ta mutanen waje ce: mai tafiya a ƙasa, mai amalanke, ɗan kabu-kabu, mai shayin da ke bakin titi. Aikinta ɗaya tak, mota ta ci gaba da amsa sunanta bayan rana ta faɗi. Shi ya sa nake ganin kuskure ne a lissafa ta cikin kayan ƙawa. Haƙƙi ce da jama'a ke bin mai mota, kuma a gari irin Maraɗi, inda hanya ta kowa ce dare da rana, wannan haƙƙi ya fi yadda ake zato nauyi.

A birnin Paris aka fara tilasta wa motoci ɗaukar lamba, da wata dokar 'yan sanda ta 14 ga Agusta 1893, tun motocin duniya ba su da yawa. Hikimar ba baƙuwa ba ce a wajenmu. Makiyayi yakan yi wa raƙuminsa shaida da wuta don a san mai shi, mai doki kuma a gari an san shi an san dokinsa. Mota ce ta zo da sabuwar matsala, domin tana iya yin ɓarna ta ɓace kafin a buɗe baki, kuma dubban irinta suna kama da juna. Lamba ita ce shaidarta. A tsohon tsarin lambobin Nijar ma adadin farko jiha yake nunawa, 4 na Maraɗi, 7 na Damagaram, 8 na Yamai, har yaro na iya gaya maka daga inda mota ta fito. Yarjejeniyar zirga-zirga ta ƙasa da ƙasa da aka ƙulla a Biyena a 1968, wadda Nijar ta shiga a 1975, ta ce lallai lamba ta karantu da rana daga nisan mita 40, ta kuma wajabta a haskaka ta baya da dare. Dokar hanya ta Faransa ta fayyace ma'aunin: a iya karanta lambar daga mita 20 cikin dare idan sarari garau yake. To, a Maraɗi dare yana ɗaukar awa goma sha ɗaya zuwa kusan sha uku, gwargwadon lokacin shekara. Motar da fitilar lambarta ta mutu, rabin rayuwarta ba ta da lamba, ko da an biya kuɗin duwan da na takardu har dala ta ƙarshe.

Kuma daren Maraɗi ba na barci ba ne a kan hanya. Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta Dosso da Ƙonni ta nufi Damagaram, ta Tibiri take biyowa. Wata ta gangara kudu zuwa Ɗan Isa da Jibiya da Katsina. Manyan motoci sun fi son tafiyar dare don gudun zafin da ke fasa taya. Masu zogale da kayan lambu na Jiratawa tun kafin asuba suke ɗaura kaya don su riski kasuwa da ɗanyen ganye, ranar Litinin da Juma'a kuma, da kasuwar Maraɗi ke ci, masu komawa ƙauyuka sai bayan magariba suke kama hanya, wasu a mota, wasu a babur, wasu a amalanken shanu ko na jaki da babu ko tocila a jikinsa. Da zarar an bar manyan titunan gari, fitilar titi ta ƙare. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, kuma idan aka auna da yawan jama'a Afirka ce ta fi kowane yanki asara. Waɗannan su ne mutanen da mota ke bugewa, kuma su ne ba su da wata hanyar sanin wanda ya buge su sai lamba.

A nan ne maganar take da zafi. A ƙasar Hausa idan tsautsayi ya faɗa, direba ya kaɗe mutum ba da gangan ba, akwai hanyar da aka saba bi. A kai majinyaci asibiti, mai mota ya ɗauki ɗawainiya, manya su shiga tsakani, in rai ya fita a zo gaisuwa. Shari'ar Musulunci ta ɗora diyya a kan kisan kuskure, ta kuma bai wa magada ikon yafewa, kuma sau da yawa yafewar suke yi. Amma yafiya sai an san wanda za a yafe wa. Iyalin da aka kawo musu gawa aka ce wata mota ce ta buge shi ta wuce, an raba su da diyya, an raba su da kuɗin magani, an raba su har da ladan yafiyar. Ta fuskar dokar zamani ma haka abin yake. Nijar tana cikin ƙasashen da ke bin dokar inshora ta bai ɗaya da ake kira CIMA, wadda ta tilasta wa kowane mai mota yankar asirans don biyan wanda motarsa ta cutar. Mai mota yana biyan wannan kuɗi duk shekara, jandarma yana duba takardar a shinge, amma kamfanin ba zai biya kowa ba sai an nuna masa motar da ta yi ɓarnar. Ƙwan da ya mutu a bayan mota yana iya mayar da asirans ɗin gaba ɗaya takardar banza ga mutumin da aka yanke ta dominsa.

Me ya sa wannan fitila ke yawan mutuwa a nan? Da farko motocin tsofaffi ne. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kashi 40 cikin ɗari kuma Afirka suka zo. Na Maraɗi shekara da shekaru ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano suke shigowa, har sunan garin ya zama sunan motocin, kafin rufe iyakar Benin bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya karkata fatauci zuwa Lome. Mota takan iso da ƙwan da ya riga ya ci rabin kwanansa. Sannan ta tarar da abokan gaba huɗu. Girgiza: cikin ƙwan akwai siririyar waya da ba ta kai gashi kauri ba, wadda ke yin ja har ta ba da haske, kuma hanyar burji mai gargada da ramukan kwalta suna karkaɗa ta tana da zafi, murfin but kuma kullum ana buga shi da ƙarfi. Ƙura: bayan mota ne ke tsotse duk ƙurar da tayoyi suka tayar, da hunturu kuwa sai ta lulluɓe gilashin fitilar, har ƙwai mai rai ya zama kamar matacce. Zafi: ranar Afrilu da Mayu, da ke haura maki 40, tana busar da robar da ke toshe bakin fitilar ta tsattsage. Ruwa: da damina, ko a wajen masu wankin mota da ke fesa ruwa da ƙarfi, danshi yana bi ta wannan tsaga ya sa ƙarfen da ke riƙe ƙwan ya yi tsatsa. Akwai na biyar da ba a cika lura da shi ba. Dinamon mota lafiyayye yana ba da wuta wajen bolt 14 idan inji na aiki. In na'urar da ke daidaita shi ta lalace wutar ta hau, ƙarin kashi biyar cikin ɗari kacal yana rage kwanan ƙwai da kusan rabi. Mai motar da ƙwayayensa ke ƙonewa a kai a kai, gilashinsu ya yi baƙi, dinamo ya kamata a auna masa kafin batir ma ya bi sahu.

Akwai kuma abin da ya sa ko direban da bai damu da kowa ba ya kamata ya damu da ita. Fitilar lamba ba ta da makunni nata. Da ita da danja da ƙananan wutar gaba, a motoci da yawa har da hasken allon gaban direba, duk layi ɗaya suke, sau da yawa kuma fis ɗaya ke tsaronsu. A motocin Toyota da suka cika gari, za a ga an rubuta TAIL a kan wannan fis. Wayar da ke kai wuta ga fitilar lamba ita ce mafi rauni a layin, domin a motocin da lambarsu ke jikin murfin but, ta cikin wata roba take bi kusa da mahaɗar murfin, tana lanƙwashewa duk buɗewa da rufewa. Ranar da rigarta ta ɓare ta taɓa ƙarfe, fis ya ƙone, danja duka biyu su mutu, direba kuma yana tafe da fitilun gaba tar bai san bayansa ya zama duhu ba, tirela na biye da shi. Abin da ya fi wannan muni shi ne maganin da ake yawan yi a gefen hanya, a naɗa waya ko takardar azurfa ta kwalin sigari a gurbin fis, ko a sa mai amfiya 30 inda aka rubuta 10. Fis an yi shi ne ya ƙone don kada waya ta ƙone. In aka hana shi, wayar ce za ta yi zafi a cikin rufin mota, kusa da soso da kujeru, a motar da wataƙila akwai jarkar mai a but ɗinta.

Gano inda cutar take ba ya bukatar na'ura. A murɗa makunnin fitila mataki ɗaya, a zagaya baya, in da rana ne a kare fitilar da tafin hannu a leƙa. In ɗaya tana ci ɗaya ba ta ci, ƙwai ne ko tsatsa. In duka biyu sun mutu amma danja na ci, a zargi wayar nan ta wajen murfi, ko wadda ke komawa jikin ƙarfen mota, da masu gyaran wuta ke kira mas. In danja ma ba ta ci, a fara da fis, in sabon ya sake ƙonewa nan take to aikin mai gyaran wuta ne, kada a matsa. Sauya ƙwan kuwa kowa na iyawa. A kashe wuta a zare makulli. Murfin fitilar ko dai ƙananan noti biyu ke riƙe da shi, ko wani ɗan harshe na roba da ake turawa gefe da bakin sukuddireba, a wasu motocin kuma ta cikin but ake shiga, a ɗan murɗa mazaunin ƙwan hagu ya fito. A yi a hankali, robar da ta sha rana ba ta da haƙuri. Ƙwan iri biyu ne. Akwai mai lebur ɗin gindi, gilashi zalla, da ake zarowa kai tsaye, sunansa a kwali W5W ko T10. Akwai dogo mai hular ƙarfe a kai da gindi, C5W, wanda ƙarafa biyu ke matsewa, shi kuma tsawonsa ya bambanta, daga milimita 31 zuwa 41, don haka a tafi shago da tsohon a hannu. A duba rubutun jikinsa: 12V 5W na ƙaramar mota ne, manyan motoci 24V suke sha. Na babbar mota in aka sa wa ƙarama haskensa kamar garwashin da ya kusa mutuwa, na ƙarama kuma a babba nan take yake ƙonewa. Kada a yarda da mai wat 10 ko fiye don neman ƙarin haske, zafinsa narkar da murfin yake yi. Kafin a sa sabon, a goge tsatsar ƙarafan da sanfefa, a ɗan matso su in sun saki, a wanke gilashin ciki da waje, a kunna a gani tukuna a rufe. In ɗaya ya mutu don tsufa, a sauya biyun, sa'annin juna ne. Masu jinkirta kunna wuta da magariba don tattalin batir kuma su sani, ƙwayayen biyu gaba ɗaya wat 10 suke ci, alhali ƙwan fitilar gaba guda ɗaya wat 55 ne.

Yanzu kasuwa ta cika da ƙwayayen zamani da ake kira LED, kuma suna da kyau ta fuska ɗaya mai muhimmanci a hanyoyinmu: ba su da siririyar wayar da girgiza ke tsinkawa. Sai dai a san halinsu. Da yawansu ta fuska ɗaya kawai suke karɓar wuta, in an sa bai ci ba a juya shi kafin a ce jabu ne. Masu araha zafi yana kashe su da wuri, su fara ƙyafta ido kafin su mutu. Wasu motocin Jamus masu kwamfuta, ganin wutar da LED ke ja ta yi kaɗan, sai su riƙa nuna wa direba alamar ƙwai ya mutu. Babbar matsalar dai ta zaɓi ce. Samari suna son shuɗi ko mai walƙiya ko mai kashe ido, kuma duk waɗannan ɓata aikin suke yi. Haske mai ƙarfi a kan lamba mai sheƙi wanke haruffan yake, ido bai karanta ba, kyamarar waya ma farin fili kawai take ɗauka. In kuma farin hasken ya leƙo kai tsaye zuwa baya, na bayan zai ɗauka motar baya take yi, ko babur ne ke tahowa. Abin da ake so fari ne mai laushi, wanda ke sauka a kan lambar ba a idon mutane ba.

Ko ƙwan na ci, akwai hanyoyin da lamba ke ɓacewa. Motocin da aka ƙera don Amurka gurbin lambarsu gajere ne mai tsayi, wajen santimita 30 da 15, na Turai kuma dogo ne siriri, santimita 52 da 11. In aka ɗaura doguwar lamba a gajeren gurbi, ko aka huda wani wuri dabam a bamba aka maƙala ta, fitilar tana haska inda babu komai. Ga firam na ado da ke rufe gefen haruffa, ga baƙar leda da wasu ke mannawa. Ga kuma motocin kasuwa da ake cika wa but da buhuna har murfin ya kasa rufuwa, a ɗaure shi da igiya yana kallon sama, lambar tana nuna wa taurari.

Mai karatu na iya cewa, a ƙasar da ake lodin mutum ashirin da wani abu a motar mutum goma sha tara, ake tafiya da taya sulɓaɓɓiya da birki rabi, ga amalanke ba haske, ga ramuka, maganar ɗan ƙwai ɓata baki ne. Gaskiya ne waɗancan sun fi kisa, kuma fitilar lamba ba ta hana haɗari ko ɗaya aukuwa, in ban da abin da aka faɗa na danja. Amma gyaran kwalta sai gwamnati, taya huɗu sai an tara kuɗi, wannan kuwa yau mai mota zai iya gama shi da canjin aljihunsa. Kuma yana da alaƙa da manyan. Direban da ya san ana iya karanta lambarsa, in ya buge mutum zai yi tunani kafin ya taka mai, domin gudun ba zai fisshe shi ba. Wanda ya tsaya kuwa shi ne ke kai majinyaci asibiti da wuri, a kan hanyar da motar ɗaukar marasa lafiya ba ta kusa, kuma wanda jini ke zuba daga jikinsa mintuna ne ke raba shi da kabari.

Wani zai ce ai lambobin yanzu masu sheƙi ne, da haske ya taɓa su suke ɗaukar ido. Haka ne, amma irin wannan fenti mayar da haske yake yi zuwa inda ya fito. Direban da ke biye da fitilunsa a kunne zai karanta lambar sarai. Mutumin da ke kwance a gefen titi, da matar da ke tuyar ƙosai, da almajirin da ya ga abin da ya faru, ba su da fitilar mota, kuma su ne shaidu. Dole kuma a yarda cewa damar da fitilar ke ba su ƙanƙanuwa ce. Motar da ke gudun kilomita 40 a awa tana cin mita 11 a daƙiƙa guda, wato ba ta cika daƙiƙa biyu ba ta fice daga mita 20. Sai dai motar da ta yi karo takan rage gudu ko ta ɗan tsaya kafin direba ya yanke shawara, kuma ba sai an haddace lambar duka ba. Haruffa biyu da adadi biyu, haɗe da launi da irin motar, sun isa su rage dubban motoci zuwa 'yan ƙalilan da jandarma zai iya bi ɗaya bayan ɗaya.

Sai masu cewa ɓarawo da ɗan bindiga ai lambar jabu suke sawa, ko su cire ta, don haka mutumin kirki kawai ake wahalarwa. Wannan magana tana da nauyi a jihar da ta san ciwon rashin tsaro. Tibiri tana cikin gundumar Gidan Rumji, Jiratawa tana cikin ta Madarunfa, kuma gundumomin nan biyu ne suka fi shan satar shanu da garkuwa da mutane daga bakin iyaka, su ne kuma suka karɓi dubban 'yan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina tun 2019. Ba wanda zai ce ƙwai mai wat 5 zai kama ɗan bindiga. Amma a duba ta ɗaya gefen. Inda motoci da yawa ke yawo da lamba a duhu, wanda ya kashe tasa da gangan ya sami inuwar fakewa, ba ya bambanta da kowa. Inda kowa tasa ke ci, duhun da kansa ya zama abin tambaya. A ranar 19 ga Afrilu 1995, bayan bam ɗin da ya kashe mutum 168 a birnin Oklahoma na Amurka, ba a yi awa biyu ba wani ɗan sandan hanya ya tsayar da wanda ya dasa shi, Timothy McVeigh, ba don ya san abin da ya aikata ba, sai don motarsa ba ta da lamba a baya. Rashin lambar ya fito fili ne saboda sauran motocin da ke kan hanyar duk suna da tasu.

Ƙorafin da ya fi dukansu ƙarfi shi ne na direbobin haya: duk ƙaramar dokar da aka tsananta, ƙofa ce aka buɗe ta karɓar na goro a shinge. Wanda ya san hanyoyin Afirka ta Yamma ba zai yi musun wannan tsoro ba, kuma ba a nan kaɗai ake amfani da mataccen ƙwai a matsayin hujjar tsayar da wanda aka ga dama ba. A jihar Minnesota ta Amurka, a Yulin 2016, ɗan sanda ya harbe wani baƙar fata, Philando Castile, bayan ya tsayar da shi da sunan wutar bayan motarsa ta lalace. Abin da ya biyo baya shi ne abin koyi. A 2017 wata ƙungiya a can ta fara wani shiri mai suna Lights On!, inda ɗan sanda in ya tsayar da mai mataccen ƙwai, maimakon takardar tara sai ya miƙa masa takardar zuwa gareji a gyara masa kyauta. Ba sai Maraɗi ta kwaikwayi wannan ƙafa da ƙafa ba, amma tunanin da ke ƙarƙashinsa daidai ne: abin da jama'a ke bukata fitilar ta ci, tara kuma ba ta kunna fitila. Direban da aka karɓi jika ɗaya ko biyu a hannunsa aka sake shi, da duhunsa zai ci gaba da tafiya, gobe a sake karɓa.

Wuraren da za a iya gyara abin ba tare da an kai ga shinge ba suna nan. Wajen bizit, inda ake duba lafiyar mota, fitilar lamba ta zama abin da ake zagayawa a gani da ido kafin a buga hatimi. A tasha, sandikan direbobi da 'yan kamasho sun riga sun san motar da ke kan layi, kuma karen mota da ke ɗaure kaya a baya shi ne mutumin da ya fi kowa kusa da fitilar, duba ta kafin tashin dare ba zai ƙara masa minti ɗaya ba. Masu babur da adaidaita, waɗanda suka fi motoci yawa a titunan unguwannin Zariya da Sabon Gari da Ali Ɗan Sofo, nasu ya fi sauƙi, don a yawancin babura ƙwan danja ɗaya ne ke haska lambar ta wata 'yar farar taga a ƙasan murfin, goge taɓon da ya toshe ta kawai ake bukata, muddin dai an ɗaura lambar tun farko. A shingen shiga gari kuma, inda masu tallan ruwa da goro da dafaffen ƙwai suke tsaye har tsakar dare, babu abin da zai hana a sami mai kwalin W5W da C5W da sukuddireba a hannu. Jandarma ya nuna wa direba gefen hanya, a sa sabon ƙwai a gabansa, ya ja da baya taku ashirin da biyar ya karanta lambar da ƙarfi, sannan ya ɗaga masa sanda ya wuce.